Kuɗi ne ya saya wa Dodgers kofin nan?

Tun daren da Los Angeles Dodgers ta ɗauki kofin World Series na 2025 a Toronto, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu bin wasan besbol: wai kuɗi ne ya yi aiki, an sayi kofi kamar yadda ake sayen rago a kara. Na san yawancin abokaina a shafin nan 'yan ƙwallon ƙafa ne, wasunku ma kun sha yi min ba'a cewa ina hana idona barci don kallon ƙarti suna jifa ana tare musu da kulki. Ku daure ku karanta. Rigimar da ake yi a can irin wadda kuke yi ce kullum a kan Manchester City da PSG, sai dai a besbol komai a rubuce yake, albashin kowa a fili yake, don haka musun ya fi daɗi. Kuma ni ina da ciwo a cikin maganar, domin ƙungiyata, Milwaukee Brewers, tana cikin waɗanda Dodgers ta bi ta kansu kafin ta kai ga kofin.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Ƙungiya ɗaya tana jifa, ɗaya tana bugu. Mai bugu yana son ya doki ƙwallo ya ruga ya taka tashoshi uku ya dawo gida, wannan shi ne maki ɗaya. In ya doka ta tsallake katangar fili, abin da suke kira homran, shi da duk wanda ke tsaye a tasha sun dawo gida kyauta. In ya kuskure jifa uku, an kore shi. An kori mutum uku, sai a yi musanya. Zagaye tara ake yi, babu agogo, babu canjaras. In an yi kunnen doki a ci gaba har sai wani ya faɗi.

Abin da ya kamata ɗan ƙwallon ƙafa ya fara ganewa shi ne tsawon kakar. Ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Kuma a besbol gwani ba ya danne na ƙasa yadda kuka saba gani. Lokacin da Manchester City ta haɗa maki 100 a kakar 2017 zuwa 2018, wasa 32 ta ci a cikin 38. A besbol ƙungiyar da ta fi kowa a 2025 wasa 97 ta ci a cikin 162, wato kusan shida cikin goma. Ma'ana ko zakaran shekara, a duk wasa biyar sai an doke shi sau biyu. To bayan duk wannan doguwar wahala, ba a ba wanda ya fi maki kofi kamar yadda ake yi a Firimiya. Sai a ɗebi ƙungiyoyi 12 a zuba su a wasannin Oktoba, inda za a yi karo na wasa uku, sannan na biyar, sannan na bakwai har sau biyu. Aikin wata shida yana iya rushewa a kwana huɗu. Seattle Mariners ta ci wasa 116 a 2001, ba ta ko kai wasan ƙarshe ba. Ita kanta Dodgers ta ci 111 a 2022, San Diego Padres mai 89 ta yi waje da ita. Shekara ta zagayo ta ci 100, Arizona mai 84 ta share ta wasa uku a jere.

Ƙungiyar da ta ci 97 ɗin nan a 2025 tawa ce. Brewers.

Yadda aka yi na zama ɗan Brewers ba wani zurfin tunani ba ne. Karatu ya kai ni jihar Wisconsin shekarun baya, wani abokin aji ya ja ni filin wasa wata Asabar saboda yana da tikitin da ba mai shi. Na zauna awa uku ban fahimci komai ba, abin da kawai ya ba ni dariya shi ne tsakiyar wasa da aka saki wasu mutane sanye da kayan dodo mai siffar tsiran Turawa suna tseren gudu, dubban jama'a har da tsofaffi suna ihu kamar ana rabon gado. Amma na koma. Daga baya na gane abin da ya riƙe ni: garin ƙarami ne, kasuwarsa tana cikin mafi ƙanƙanta a gasar, ƙungiyar ba ta taɓa ɗaukar kofin ba, sau ɗaya tak ta je wasan ƙarshe, a 1982, St. Louis ta doke ta a wasa na bakwai. Duk da haka mutanen suna cika fili. Wanda ya taso yana goyon bayan kulob ɗin garinsu, yana kallo duk ɗan wasan da ya fara haske sai manya sun zo sun ɗauke shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Haka rayuwar Brewers take. Ka raini yaro, ya zama gwani, lokacin da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa ka san ba za ka iya biyansa ba, sai ka miƙa shi ka karɓi matasa biyu ko uku. Josh Hader, wanda yake rufe mana wasa, an tura shi San Diego a tsakiyar kakar 2022 alhali muna saman rukuni. Corbin Burnes, wanda ya taɓa zama gwarzon masu jifa na shekara, an tura shi Baltimore a farkon 2024. Devin Williams ya tafi Yankees a ƙarshen shekarar. Willy Adames ya bi dala miliyan 182 zuwa San Francisco. Kai, har kocin ma, Craig Counsell, wanda a yankin Milwaukee ya girma, maƙwabtanmu Chicago Cubs suka saye shi da dala miliyan 40 na shekara biyar. Duk shekara masana sai su ce to bana kam sun faɗi, kusan duk shekara sai ka gan mu a Oktoba.

Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Ana neman 'yan wasa masu gudu, masu iya tsaron fili, masu sa kulki ya taɓa ƙwallo ko da ba za ta yi nisa ba, don waɗannan ba su da tsada kamar masu homran. Ana tsinto wanda wata ƙungiya ta gaji da shi a gyara masa wani abu ƙarami. Andrew Vaughn misali ne, Chicago White Sox ta riga ta mayar da shi ƙaramar gasa, aka karɓo shi a watan Yuni, ya zo ya zama kamar wani sabon mutum. Sannan ana yin caca da wuri: Jackson Chourio, yaro daga Venezuela, an ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 82 tun bai buga ko wasa ɗaya a babbar gasa ba, don an san in aka jira ya nuna kansa, farashin ya wuce aljihunmu. Da irin wannan haɗe-haɗen muka ci wasa 14 a jere a watan Agusta. A watan Yuli mun haɗu da Dodgers sau shida, mun doke ta sau shida. Muka fitar da Cubs da Counsell ɗinsu a wasa na biyar, wanda wallahi daɗinsa har yanzu bai gama fita daga raina ba.

Sai aka zo karon da zai kai mutum World Series, wasa bakwai, mu da Dodgers. Wasa huɗu aka yi. A kowane wasa maki ɗaya tak muka ci. Huɗu a wasa huɗu.

Ga abin da ya faru, kuma a nan ne masu cewa kuɗi ne suke da gaskiya mafi ƙarfi. A doguwar kaka kana bukatar masu jifan farko biyar ko fiye, kana bukatar benci mai zurfi, kana haɗuwa da raunana da ƙarfafa a gauraye. A nan dabarar talaka take aiki, a tsinci maki nan, a saci tasha can. A Oktoba kuwa akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, don haka ƙungiya tana iya ɗora komai a kan mutum huɗu. Su wa Dodgers ta fito da su? Wasan farko Blake Snell, kwantiragin dala miliyan 182, ya yi zagaye takwas, bugu ɗaya kacal aka samu a kansa. Wasa na biyu Yoshinobu Yamamoto, dala miliyan 325, ya jefa zagaye tara cif shi kaɗai, abin da ya zama kamar tarihi a zamanin nan. Na uku Tyler Glasnow, sama da miliyan 130. Na huɗu Shohei Ohtani, dala miliyan 700. A wannan dare na huɗu mutumin nan ya hana mu maki har zagaye shida, ya kori mutum 10 da jifa zalla, sannan ya ɗauki kulki ya buga homran uku. Mutum ɗaya. Ku ƙaddara mai tsaron gida ya tare fanareti biyu kuma ya haura gaba ya ci uku. Ina zaune ƙarfe uku da wani abu na dare ina kallo a waya, haushi ya hana ni kashewa, mamaki ya hana ni zagi.

Abin da ya ƙara min ciwo shi ne yawancin mutanen nan huɗu ba su yi wata wahala a kakar ba. Snell da Glasnow sun shafe watanni suna jinya, Ohtani sai a watan Yuni ya dawo jifa bayan tiyatar gwiwar hannu, aka riƙa lallaɓa shi zagaye ɗaya, zagaye biyu. Dodgers ta iya jira, ta ci wasa 93 da abin da ya rage mata, ta shigo Oktoba da kayan aikinta sababbi fil. Mu kuwa mun zuba duk ƙarfinmu tun Afrilu, muka iso da mai jifan farko ɗaya ko biyu da za a iya dogara da su. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, tamu miyar a nan ta ƙare.

Daga ina kuɗin yake fitowa? A besbol babu iyakar albashi irin wadda ake da ita a gasar ƙwallon kwando ko ƙwallon zari-ruga ta Amurka. Abin da ake da shi haraji ne: in albashinka ya wuce wani layi, ka biya tara, in ka maimaita tarar ta ƙaru. Dodgers tana biya ko a jikinta. Lissafin da ake yi shi ne tarar da ta hau kanta ta 2025 kaɗai ta fi albashin 'yan wasan Brewers gaba ɗaya. Masu ƙungiyar sun saye ta a 2012 a kan dala biliyan 2, ba a daɗe ba suka ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara 25 da ta haura dala biliyan 8. Wannan kuɗin haska wasa ne a yankinsu kawai. Sannan ga Ohtani, wanda ya jawo musu kamfanonin Japan da masu yawon buɗe ido. Kwantiraginsa ma abin kallo ne: a cikin miliyan 700, miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi. Shi ya kawo shawarar, don ƙungiyar ta samu sararin sayo wasu. Mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa.

To amma in ka tsaya a nan ka ce shi ke nan kuɗi ne, akwai tambayoyin da za su hana ka sakat. New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15, kwantiragi mafi girma a tarihin wasan, albashinta yana kafaɗa da kafaɗa da na Dodgers. Wasa 83 ta ci, ba ta ko shiga Oktoba ba. Yankees, da duk dukiyarta, rabonta da kofi tun 2009. Kafin 2025, babu ƙungiyar da ta ɗauki kofin sau biyu a jere tun Yankees ta 1998 zuwa 2000. Shekara 25 ke nan. A Jamus Bayern ta ɗauka sau 11 a jere, mu nan muna kallo muna tafi.

Ni abin da na gani shi ne kuɗin Dodgers yana saya mata abu biyu. Na farko, damar yin kuskure ba tare da ta mutu ba. A 2025 ta ba Tanner Scott dala miliyan 72 don ya riƙa rufe mata wasa, ya yi ta zubar da wasanni, a Oktoba ko jifa ɗaya bai yi ba. Ta ba Michael Conforto miliyan 17, shi ma a gefe ya kalli Oktoba. In Brewers ta yi kuskure ɗaya irin na Scott, sai ta shekara uku tana ɗingishi. Dodgers ko waiwaye ba ta yi ba, ta ɗauko Roki Sasaki, yaron da ya sha wahala a farkon kaka a matsayin mai jifan farko, ta mayar da shi mai rufewa. Abu na biyu, tikitin shiga Oktoba duk shekara. Sau 13 a jere ke nan tun 2013. In wasannin Oktoba kamar ƙuri'a ne, wanda yake jefa hannu kowace shekara dole wata rana ya zaro. A cikin 13 ɗin nan uku ta zaro: 2020, 2024, 2025. Sau goma ta koma gida hannu rabbana.

Kuma a faɗi gaskiya ko da ɗaci, suna da kai. Mutumin da ke haɗa musu ƙungiya, Andrew Friedman, a Tampa Bay ya koyi sana'ar, ƙungiyar da ta fi Brewers ma talauci, ya kai ta World Series a 2008. A 2014 Dodgers ta ɗauke shi. Wato an ɗauki mutumin da ya ƙware wajen cefanen naira ɗari an miƙa masa jakar kuɗi. Waɗanda suka kalli fim ɗin Moneyball na Brad Pitt sun san labarin Oakland ta 2002, wadda da albashin kusan dala miliyan 40 ta ci wasa 103, har da 20 a jere, ta hanyar lissafin da manya suka raina. Abin da fim ɗin bai nanata ba shi ne manyan sun koyi lissafin, suka ɗauki masu lissafin aiki, suka haɗa da kuɗinsu. Oakland kuwa Minnesota ta fitar da ita a karon farko a shekarar, yau ma ƙungiyar ta bar garin Oakland ɗungurungum. Max Muncy da ke buga wa Dodgers homran shekara da shekaru, Oakland ɗin ce ta sallame shi, Dodgers ta tsince shi kusan kyauta. Will Smith su suka raine shi tun daga zaɓen matasa na 2016.

Yanzu mu zo kan wasan ƙarshen kansa, don shi ne ya fi rikita lissafin kowa. Toronto Blue Jays ba talaka ba ce, a watan Afrilu ta ɗaure Vladimir Guerrero Jr. da dala miliyan 500 na shekara 14. Amma a 2024 ita ce ta ƙarshe a rukuninta, kuma rabonta da kofi tun 1993. A wasa bakwai da aka yi, Toronto ta ci maki 34, Dodgers 26. Ku sake karantawa. Wanda ya ɗauki kofi an fi shi maki da takwas. Masu bugun Dodgers, da duk tsadarsu, kusan mako guda suna lalube. A wasa na biyar wani yaro, Trey Yesavage, wanda ya fara shekarar a can ƙasan ƙananan gasanni, ya kori 12 daga cikinsu a gidansu.

Wasa na uku zagaye 18 aka yi, awa shida da minti 39. A agogonmu an fara wajen ƙarfe ɗaya na dare, aka gama yara suna tafiya makaranta. Ohtani ya isa tasha sau tara a wasa ɗaya, har Toronto ta gaji ta riƙa ba shi hanya da gangan. Freddie Freeman ne ya rufe da homran, kamar yadda ya yi wa Yankees a wasan farko na 2024. Amma wanda ya riƙe wasan har Freeman ya samu wannan damar wani ne Will Klein, wanda ƙungiyoyi suka yi ta miƙa wa juna kamar tsohon kwano, wanda bai ma shiga jerin 'yan wasa ba a karon baya. Masu jifa sun ƙare, ba kowa sai shi, ya yi zagaye huɗu bai ba da maki ba. Albashinsa ko kusa da miliyan ɗaya bai kai ba.

Wasa na bakwai, daren 1 ga Nuwamba a Toronto. Bo Bichette, da gwiwa mai ciwo, ya buga wa Ohtani homran mai maki uku. Aka shiga zagaye na tara Toronto tana gaba 4 da 3, saura mutum biyu ta kora ta ɗauki kofi. Wa ya zo bugu? Miguel Rojas, ɗan shekara 36, wanda aka riƙe saboda tsaron fili da iya zama da yara, wanda bai fara ko ɗaya daga wasanni biyar na farko ba. Ya buga ta tsallake katanga. A rabin zagayen na biyu Toronto ta cika tashoshi uku, mutum ɗaya kawai aka kora. Aka buga ƙwallo ƙasa wajen Rojas ɗin dai, ya yi tangaɗi, ya jefa gida, Isiah Kiner-Falefa ya zamo da ƙafa, aka riga shi da ƙyar. Sai da aka duba bidiyo. Na gaba, Ernie Clement, ya ɗaga ta can kusa da katanga, Andy Pages da aka shigo da shi mintuna kaɗan kafin nan ya rugo ya bangaje abokin wasansa ya cafe. Pages ɗin nan an ajiye shi a benci ne saboda bugu ya gagare shi duk watan. A zagaye na 11 Will Smith ya buga homran, 5 da 4. Toronto ta kai mutum tasha ta uku, kulkin Alejandro Kirk ya karye, Mookie Betts ya kori biyu a tare. Ana kiran asuba a unguwarmu aka tashi.

Wanda ya jefa zagayen ƙarshen nan Yamamoto ne, wanda a daren jiyansa ya yi jifa 96 a wasa na shida. A al'adar yau mai jifan farko yana hutun kwana huɗu ko biyar, shi a Japan ma sau ɗaya a mako ya saba. Ya fito ba hutu, ya kori mutum takwas na ƙarshe. Uku daga cikin nasarori huɗu na Dodgers da sunansa aka rubuta. To wannan kuɗi ne ko zuciya? Miliyan 325 ce ta kawo shi Los Angeles tun bai taɓa jifa ɗaya a Amurka ba, wannan ba musu. Amma babu sakin layi a kwantiragi da ya ce ka sa hannunka a haɗari washegari. Kuma da ƙafar Kiner-Falefa ta riga da taku rabi, da yanzu labarin da ake bayarwa shi ne yadda miliyoyin Dodgers suka tashi a banza, da masu sharhin nan dai suna rubuta cewa haɗin kai ya fi kuɗi.

Shi ya sa nake jin haushin yadda ake yanke wa ɗan wasa hukunci da Oktoba. Ohtanin da ya yi mana wancan aika-aika, kwanaki kaɗan kafin nan a karon Philadelphia bugu ɗaya ya samu a zuwa 18, ana ta cewa ya tsorata. Aaron Judge a 2024 ya saki ƙwallo mai sauƙi a wasa na biyar, Dodgers ta farfaɗo daga 5 da 0, aka yi ta yi masa tambari cewa ba ya iya babban wasa. A Oktoban 2025 rabin zuwansa sai da ya samu bugu, Yankees ta faɗi duk da haka, ba wanda ya dawo ya wanke shi. Clayton Kershaw, gwarzon masu jifa sau uku, shekara 18 a ƙungiya ɗaya, ya yi rabin rayuwarsa ana kiransa ragon Oktoba. Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya shi ne a kira shi a zagaye na 12 na wancan dogon wasa, tashoshi cike, ya kori mutum ɗaya ya sauka. Zuwa 20 ko 30 ba ya auna mutumin da ke zuwa bugu sau 600 a shekara. Mu dai muna son labari mai jarumi da matsoraci, shi ke nan.

Inda maganar ta nufa yanzu ya fi kofin muhimmanci. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare a ranar 1 ga Disamba 2026. Da yawa daga masu ƙungiyoyin suna son a sa iyakar albashi, kuma nasarar Dodgers ta zame musu hujja a hannu. Kocinta Dave Roberts ma da ya gama da mu ya tsaya a gaban jama'a yana tsokana, wai su ƙara cin huɗu su ƙarasa lalata wasan kamar yadda ake zarginsu. 'Yan wasa kuwa sun daɗe da cewa ba za su taɓa yarda da iyaka ba. Lokacin da aka gwada tilasta musu a 1994, yajin aiki aka yi, aka soke World Series ɗin shekarar gaba ɗaya.

Za ku zaci ni da aka yi wa wannan duka zan fi kowa son iyakar. Ina da shakka. In aka hana Dodgers kashe miliyan 100, wannan kuɗin ba Milwaukee za a aiko da shi ba, aljihun mai Dodgers zai koma, kuma daga aljihun 'yan wasa aka cire shi. Sannan akwai masu ƙungiyoyin da ke karɓar kason da manyan ƙungiyoyi ke zubawa a asusun rabo, su ƙi sayen kowa, su ƙare a ƙasa shekara da shekaru, su fito suna kukan Dodgers. Waɗannan sun fi ɓata min rai. Abin da zan so in gani shi ne a tilasta mafi ƙarancin abin da kowace ƙungiya za ta kashe, a ƙara yawan kuɗin talabijin da ake rabawa daidai, a kuma gyara yadda ake lissafa kwantiragin da aka jinkirta biyansa irin na Ohtani, wanda a takardar haraji ake ƙirga shi kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. In an yi waɗannan, Brewers ba za ta zama Dodgers ba, amma wataƙila ta iya riƙe mutum ɗaya daga cikin kowane uku da take rainowa, ta shiga Oktoba da masu jifan farko uku maimakon ɗaya da rabi.

Kafin nan dai akwai kakar 2026, wadda aƙalla an tabbata za a buga. Chourio yana nan, a kakar 2025 shekararsa 21 kacal. Jacob Misiorowski, dogon yaron da ke jifa da gudun sama da mil 100 a awa, yana nan, kuma yana cikin 'yan kaɗan da masu bugun Dodgers suka sha wuya a hannunsu a karon nan. Freddy Peralta, babban mai jifanmu a 2025, ya kammala wannan kakar saura masa shekara ɗaya a kwantiragi, kuma duk ɗan Brewers ya san abin da hakan yake nufi a gidanmu. A lokacin, kullum na buɗe waya da safe sunansa nake fara nema.